DANDALIN KWAMFUTA: Bishiyar Da Ke Kayar Da 'Ya'yanmu A Intabiyu

 A wannan karo mun ajiye abin da muka yi niyyar kawo muku, saboda wani al'amari da ya faru a unguwarmu a nan Kumasi, wanda muka tabbata ba gida ɗaya kawai ya shafa ba a zangunanmu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani maƙwabcinmu, dattijo mai fataucin goro, ya yi mana sallama tare da ɗansa. Yaron ya gama digirinsa a fannin kimiyyar kwamfuta, kuma wani kamfanin ƙasar waje ya kira shi intabiyu ta intanet, aikin da in ya samu zai riƙa yinsa daga ɗakinsa ana biyansa da dala. An ba shi minti 45 da tambaya guda ɗaya a kan bishiya, bayan kwana uku kuma aka aiko masa da wasiƙar ban haƙuri. Dattijon nan ya dube mu ya ce, "Malam, shekara huɗu ina biyan kuɗin makaranta, a ce mini yaro ya faɗi a kan bishiya? In dai bishiya ce, ai da gonar goro na kai shi tun farko." Muka yi dariya, amma shi yaron bai yi ba, kansa na sunkuye.

Muka ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan bishiya ta kayar da waɗanda suka fi ɗanka." A shekarar 2015 wani Bature mai suna Max Howell, wanda ya ƙirƙiro manhajar Homebrew da ɗimbin masu rubuta manhaja ke amfani da ita, ya fito ya faɗa wa duniya cewa kamfanin Google ya ƙi ɗaukarsa aiki domin ya kasa juya irin wannan bishiya a kan allo. Tun daga lokacin ake ta muhawara ko wannan hanya ta gwada ma'aikaci adalci ce. Mu ma muna da ta cewa a kai, to amma ra'ayinmu ba zai sa kamfanoni su daina tambayar ba. Saboda haka abin da ya fi mana shi ne mu koya wa yaranmu hawan bishiyar.

MECE CE BISHIYAR?

A wajen masana kwamfuta, bishiya wata hanya ce ta jera bayanai ta yadda kowane abu yana ƙarƙashin wani abu guda ɗaya, shi kuma yana iya samun da yawa a ƙarƙashinsa. Wani masanin lissafi na Ingila, Arthur Cayley, shi ya laƙaba wa irin wannan tsari sunan bishiya a 1857, tun ba a yi mafarkin kwamfuta irin ta yau ba. Sai dai ita wannan a kife ake zana ta, saiwa a sama, ganye a ƙasa. Kowane wuri da aka ajiye bayani muna kiransa gaɓa. Gaɓar da ke can ƙoli ita ce saiwa, wadda ba ta da kowa a ƙarƙashinta kuwa ita ce ganye.

Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne. Sarki yana da hakimai, kowane hakimi yana da dagatai, kowane dagaci yana da masu unguwa, kuma babu mai unguwar da ke ƙarƙashin dagatai biyu. Haka salsalar zuriya take in aka bi ta wajen uba. Haka kuma fayil-fayil suke a cikin kwamfuta, jaka cikin jaka. Hatta wayar da ke aljihunka, saƙonnin WhatsApp da ke cikinta suna ajiye ne a wata ma'ajiya mai suna SQLite, ita kuwa tana jera su a kan wata irin bishiya da Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙago a farkon shekarun 1970 lokacin suna aiki a kamfanin Boeing. Ashe ke nan mai tambaya ba neman fitina kawai yake yi ba, abin yana cikin aikin.

Wadda aka fi tambaya a intabiyu ita ce bishiya mai rassa biyu, wato wadda kowace gaɓa ba ta wuce 'ya'ya biyu ba, na hagu da na dama.

DABARAR SARKI

Sirrin kusan dukkan tambayoyin bishiya abu ɗaya ne, kuma sarakunanmu sun san shi tun zamanin ƙidayar haraji. In Sarki yana son sanin yawan magidantan ƙasarsa, ba ya hawa doki ya bi gida-gida. Hakimai yake kira ya ce kowa ya kawo lissafin ƙasarsa. Hakimi ya kira dagatai ya yi musu wannan tambaya ba tare da ya canja ko kalma ɗaya ba, dagaci ya yi wa masu unguwa. Daga nan amsa ta riƙa hawowa, kowa ya tara abin da na ƙasa da shi suka kawo ya miƙa sama.

A rubutun manhaja ana kiran wannan aiki mai kiran kansa. Kana rubuta umurni ɗaya, shi kuma ya kira kansa a kan reshen hagu, ya kira kansa a kan reshen dama, ya haɗa amsoshin. Tambayoyi uku muke so kowane yaro ya yi wa kansa kafin ya taɓa madannai. Na farko, ina tambayar za ta tsaya, wato mece ce amsa in an iske babu gaɓa sam? Na biyu, me nake so reshen hagu da na dama su kawo mini? Na uku, yaya zan haɗa abin da suka kawo da abin da ke hannuna? Wanda ya amsa waɗannan uku da baki ya gama rabin aiki.

Mu gwada da tambayar da aka fi farawa da ita, wato zurfin bishiya: hawa nawa ne daga saiwa zuwa ganyen da ya fi nisa? In babu gaɓa, zurfi sifiri ne. In akwai, a tambayi hagu zurfinsa, a tambayi dama, a ɗauki wanda ya fi yawa a ƙara 1 domin gaɓar da muke kai. Shi ke nan, layi uku ko huɗu ne a harshen Python. Juya bishiya, wadda ta kayar da Max Howell, ita ma haka take: a kowace gaɓa a mayar da ɗan hagu dama, na dama hagu, sannan a umurci kowannensu ya yi haka a gidansa. In an gama, bishiyar za ta zama kamar an dube ta a madubi.

INDA YARON NAMU YA ZAME

Muka ce wa yaron, "To ɗana, faɗa mana tambayar da aka yi maka." Ya ce, "Kawu, cewa aka yi in tabbatar ko bishiyar da aka ba ni bishiyar bincike ce ta gaskiya."

Bishiyar bincike tana da doka guda: duk lambar da ke ɓangaren hagu na gaɓa dole ta gaza lambar gaɓar, duk wadda ke dama kuma dole ta fi ta. Amfanin wannan doka shi ne saurin nema. In kana neman 70 ka iske 50 a saiwa, ka san ba ruwanka da hagu gaba ɗaya, ka bi dama.

Abin da yaron ya rubuta shi ne, a kowace gaɓa a duba ɗanta na hagu ko ya gaza ta, a duba na dama ko ya fi ta. In ko'ina haka ne, bishiya ta inganta. Ya ce ya gwada da misalai biyu duk sun yi daidai, har ya fara murna. Sai mai tambaya ya ce masa ko ya tabbata, ya ce ya tabbata.

Muka ɗauki takarda muka zana masa wannan. Saiwa 50. Ɗanta na hagu 30, na dama 70. Sannan 30 tana da ɗa a dama, lambarsa 60. Muka ce ya bi da dabararsa. 30 ta gaza 50, daidai. 70 ta fi 50, daidai. 60 ta fi 30, daidai. Manhajarsa za ta ce bishiya lafiya lau. Amma ina 60 take zaune? Tana ɓangaren hagu na 50, inda doka ta ce babu mai zama sai wanda ya gaza 50. Duk wanda ya zo neman 60 zai iske 50 a saiwa ya bi dama, ya dawo ya ce babu ita, alhali tana nan. Yaron ya riƙe kai ya ce, "Wallahi Kawu, wannan misalin ne ya ba ni daga ƙarshe."

Kuskuren shi ne ya sa kowace gaɓa ta yi biyayya ga ubanta kaɗai, ya manta da kakanni. Gyaran kuwa shi ne a riƙa saukowa da iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama. Saiwa ba ta da iyaka. In aka gangara hagu daga 50, iyakar sama ta zama 50. In aka gangara dama daga 30, iyakar ƙasa ta zama 30, ta sama kuma tana nan 50 ba ta gushe ba. Saboda haka duk mai zama a wannan wuri dole ya kasance tsakanin 30 da 50, ita kuwa 60 ta tsallake, nan take a kama ta.

Akwai hanya ta biyu da ya kamata yaro ya ambata don mai tambaya ya san ya fahimci abin. In ka karanta bishiyar bincike da tsarin hagu, sannan gaɓa, sannan dama, lambobin za su fito a jere daga ƙarama zuwa babba. Tamu kuwa in an karanta ta haka sai ta ba da 30, 60, 50, 70. Da zarar an ga 50 ta biyo bayan 60, an san akwai matsala.

KAKAN DA YA HAƊA SU

Wata tambayar da ba ta ƙarewa a intabiyu ita ce, a ba ka gaɓoɓi biyu a ce ka nemo kakan da ya fi kusa wanda ya haɗa su. A nan ma muna da misali a gida. Bisa labarin da aka gada, Bayajidda ya haifi Biram, ya kuma haifi Bawo, shi kuma Bawo 'ya'yansa ne suka yi sarautar Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. In aka ce wa ya haɗa Kano da Katsina, amsa Bawo ce. Bayajidda ma kakansu ne, amma ba shi ne mafi kusa ba. In kuwa aka ce Kano da Biram, dole sai an hau har Bayajidda.

In kowace gaɓa ta san ubanta, ga yadda ake yi. A auna zurfin kowacce. Bagauda na Kano yana hawa na 3, Biram yana hawa na 2. A ɗaga wanda ya fi zurfi har su daidaita, Bagauda ya hau zuwa Bawo. Bawo da Biram ba mutum ɗaya ba ne, saboda haka su hau tare taki ɗaya, sai ga su duka a kan Bayajidda. Inda suka fara haɗuwa, nan ne amsa.

In gaɓa ba ta san ubanta ba, sai a koma dabarar Sarki. Kowace gaɓa ta tambayi hagu da dama ko sun ga ɗaya daga cikin mutanen da ake nema. Wadda hagu ya ce ya ga ɗaya, dama ma ya ce ya ga ɗaya, ita ce kakan. In kuma gaɓar ita kanta tana cikin waɗanda ake nema, sai ta miƙa sunanta sama ba sai ta ƙara bincike ba. A bishiyar bincike abin ya fi sauƙi: a fara daga saiwa, in lambobin biyu duk sun gaza ta a bi hagu, in duk sun fi ta a bi dama, inda hanya ta rabu ko aka taka ɗaya daga cikinsu, a tsaya.

HAWA-HAWA

Wani lokaci za a ce ka jero bishiya hawa-hawa, Sarki tukuna, sannan dukkan hakimai, sannan dukkan dagatai. Wannan ba ta son kiran kai, layi take so, irin layin famfo inda wanda ya riga zuwa shi ke fara ɗiba. A sa saiwa a layi. A cire na gaba, a rubuta sunansa, a tura 'ya'yansa ƙarshen layi, a ci gaba har layi ya ƙare. In ana so a raba kowane hawa daban, a ƙirga mutanen da ke layi kafin a fara zagaye, a sallami wannan adadi kawai, waɗanda suka shigo bayansu na hawa na gaba ne.

IN BISHIYA TA ZAMA SANDA

Bayan ka ba da amsa, mai tambaya zai ce, aikin nan naka yaya nauyinsa in bayanai suka yi yawa? Zurfi da juyawa da tabbatarwa duk suna ziyartar kowace gaɓa sau ɗaya, saboda haka in gaɓoɓi sun ninka, lokaci ma ya ninka. Nema a bishiyar bincike kuwa ya danganta ga zurfinta. Bishiyar da ta cika ta daidaita mai hawa 20 tana ɗaukar gaɓoɓi 1,048,575, wato cikin fiye da miliyan ɗaya za ka sami abin da kake nema da taki 20 ko ƙasa da haka.

To amma a ce lambobin a jere suka shigo, 1, 2, 3, 4 har zuwa miliyan. Kowace sabuwa ta fi ta gabanta, saboda haka dama za ta bi. Bishiya ta tashi daga bishiya ta zama sanda, neman lambar ƙarshe kuma ya koma taki miliyan. Wannan ciwo ne ya sa wasu masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Adelson-Velsky da Landis, suka fito da bishiya mai daidaita kanta a 1962, wadda ake kira AVL da haruffan sunayensu. Ba kasafai ake cewa sabon ma'aikaci ya rubuta ta a minti 45 ba, amma ana so ya san dalilin samuwarta.

Sandar nan tana da wata illa kuma. Kowane kiran kai yana cin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta har sai ya dawo, kuma Python a yadda take zuwa tana tsayar da aiki in kira ya yi zurfin kusan 1,000. Sanda mai gaɓa 5,000 za ta kashe manhajar da ta yi aiki lafiya a kan ƙananan misalai. Maganin shi ne mutum ya riƙe nasa tarin da kansa, kamar tarin kwanuka, na sama shi ake fara ɗauka. Yaron da ya ambaci wannan tun ba a tambaye shi ba ya nuna ya san aiki.

LADUBBAN ƊAKIN INTABIYU

Da muka ƙara bincikar yaron, muka gane ba kuskuren kaɗai ya kayar da shi ba. Ya yi minti 20 yana rubutu bai ce uffan ba, kuma da aka ce ko ya tabbata, ya ɗauka kunya ce ya ce bari in sake dubawa. Mun yi wa 'ya'yanmu tarbiyyar yin shiru a gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a wannan ɗaki mai tambaya tunaninka yake so ya ji. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambaya ko bishiyar za ta iya zuwa babu komai a cikinta, ko lamba za ta iya maimaituwa, ko gaɓa ta san ubanta. Ka zana ƙaramin misali, ka faɗi dabararka da baki kafin ka rubuta. In ka gama, ka gwada da bishiya marar komai, da mai gaɓa ɗaya, da sanda, da misalin da kai kanka ka shirya don ya karya aikinka. In kuma aka ce maka "ka tabbata?", to ka sani igiya ce aka miƙo maka, ka kama.

Muna kuma jan kunnen masu cewa ai tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 babu sauran wahala, a buɗe ta a gefe a kwafa. Ban da cewa wannan ha'inci ne, mai tambaya zai canja ƙa'ida ɗaya ya ce ka gyara, nan take asiri ya tonu. A 2025 ma wasu manyan kamfanoni, har da Google, sun bayyana cewa za su komo da ganawar ido da ido a cikin matakan ɗaukar ma'aikata saboda wannan matsala. A yi amfani da na'urar wajen koyo a gida, ta yi maka tambaya ka amsa, amma ranar gwaji kai da kanka ne.

Ga iyaye kuma, kada faɗuwa ɗaya ta sa a yanke wa yaro ƙauna. Ƙofofin nan sun matso kusa da mu, Google ma ta buɗe cibiyar bincike a Ankara a 2019, kuma kamfanoni da yawa suna ɗaukar ma'aikaci yana zaune a garinsu. Abin da yaro ke buƙata shi ne lokaci da kuɗin data da abokin gwaji. Akwai dandali irin su LeetCode masu ɗaruruwan tambayoyin bishiya, da yawansu kyauta. Shawararmu ita ce tambaya biyu a rana, a fara warwarewa a takarda, sannan duk mako samari biyu su zauna ɗaya ya yi wa ɗaya intabiyu da agogo a gabansu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaron maƙwabcinmu yana zuwa wurinmu duk bayan la'asar, kuma wani kamfanin ya sa masa rana a wata mai kamawa. Alhaji ya ce in aka dace zai aiko mana da ƙwaryar goro, mu kuwa muka ce addu'a ta fi.

Ga aikin gida. A zuba waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya a bishiyar bincike: 40, 20, 60, 10, 30, 50, 70. Nawa ne zurfinta? Wane kaka ne ya haɗa 10 da 30, wane ne kuma ya haɗa 30 da 50? Sannan a sake zuba su a jere daga 10 zuwa 70 a ga abin da zurfin zai zama. A aiko da amsa ta hannun edita, za mu buga sunayen waɗanda suka dace.

Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, Ya sa su amfani al'umma. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.